Zaren da Na Jiƙa a Bagaruwa

A bakin kogin Kwara aka haife ni, ƙasa da Gaya, kuma gidanmu gidan masunta ne. Mahaifina ba ya kama kifi da sanda. Zaren fatsa yake naɗawa a ɗan yatsa, ya zauna a gindin jirgi ya yi shiru, ya faɗa maka irin kifin da ke taɓa koto tun bai fito ba. Haka ya koya mini. Ya ce masunci da yatsa yake gani. Abu na biyu da ya koya mini shi ne rini. Duk sabon zare da ya shigo gidanmu sai an daka bagaruwa, an tafasa, an jiƙa shi ya kwana, ya fito da duhu kamar ƙasan kogi. Kifi yana da ido, in ji shi. Ban taɓa ganin an jefa farin zare a ruwa daga jirginmu ba.

Na zo New York da ƙarfina. Na yi shekaru ina kasa kaya a tebur a titin 125, daga baya na samu aikin jera kaya a bayan wani kanti. Muna zaune a Grand Concourse, ni da mai ɗakina da 'yarmu. Ranar Lahadi ce kawai tawa. In na yi asuba sai in ɗauki sanda in hau jirgin ƙasa zuwa wani tafki da ke cikin lambun gari, can arewacin Bronx.

Akwai wani kifi a tafkin, bas ake ce masa. Kore ne, bakinsa ya kusa kai faɗin jikinsa, yana son ɓuya a ƙarƙashin ciyawa da itacen da ya faɗa ruwa. Dokar wurin ita ce in ka kama ka mayar. Da farko abin ya yi mini kama da hauka, mutum ya sha rana ya koma gida hannu rabbana. Daga baya na saba. Koton ma ba na gaske ba ne, tanar roba ce. Sai ka jefa ta, ka ja ta a hankali a ƙasan ruwa, ka tsaya, ka sake ja. Bas ba ya fizga kamar giwan ruwa. Yakan shaƙe tanar ne, sai ka ji wani ɗan taɓi a zare kamar an ƙyasta shi da farce. In ba ka ɗaga sanda a lokacin ba, ya tofar. Ni kuwa yatsana kullum yana kan zare, don haka ban sha wahalar koyo ba. Zaren roba mai kauri nake saye, mai duhu, don ba ya kama rini, sai in zaɓi wanda ya riga ya yi baƙi.

Sai ciwon suga ya zo. Ƙafafu ya fara ɗauka, sannan ya hau yatsu. Babu zafi. Kamar dai an sa mini safar hannu da dare an hana ni cirewa. Maɓallin riga sai na duba madubi. Carbi sai na kalle shi in san na wuce ɗaya. Likita ta yi bayani mai tsawo, 'yata ta fassara mini, na gyaɗa kai. Abin da na riƙe shi ne in kula da rauni, don rauni a jikin mai suga ba ya saurin warkewa.

Wata Lahadi na dawo gida, mai ɗakina ta karɓi jakata, sai ta tsaya tana kallon hannuna.

"Malam, mene ne wannan?"

Na duba. Ƙugiya ce ta shige gefen ɗan yatsana, jini ya bushe har bakin hannun riga. Tun daga tafki na zo da ita, na riƙe ƙarfen jirgin ƙasa da wannan hannun.

Ta cire ta, ta wanke wurin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kifin da ba a ci, kuma yanzu ba a ma kama shi. Yaushe rabonka da kamawa?"

Na ce tun bara.

"To me kake zuwa yi?"

Na ce ta bar ni zuwa shigowar sanyi. In sanyi ya shigo ban kama ko ɗaya ba, zan ba da sandar, ba zan sake komawa ba. Ta ce ta ji. Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa. A lokacin ma ba na jin haushin komai. Abinci in an ba ni in ci, aiki in je in dawo. Na dai san in sandar ta fita gidan, babu sauran abin da ya rage mini daga jirgin mahaifina.

Akwai wani mutumin Kumasi da muke haɗuwa da shi a bakin tafkin. Ɗan zango ne, unguwar Hausawan can, aikinsa kula da tsofaffi a gidajensu, kuma bakinsa ba ya hutawa. Sarkin ruwa yake ce mini, ni kuma in ce masa Alhaji. Ranar nan ya ga na naɗo zare, tanar ta fito rabi.

Ya ce, "Sarkin ruwa, kifi ya ci, ya ƙoshi, ya yi gyatsa, ya wanke hannu, kai kana tsaye kamar fitilar titi."

Na ce ban ji ba.

"Ba ka ji ba kamar yaya? Ni daga nan na ga sandarka ta motsa."

Na miƙa masa hannuna na ce ya matsa yatsun. Ya matsa. Na ce ya ƙara. Ya ƙara har farcensa ya bar alama, ya dube ni, sai ya saki. Ya san abin, yana ganinsa a wurin tsofaffinsa. Bai yi mini jaje ba, na kuma gode masa da hakan.

Lahadin da ta biyo ya zo da wani zare a aljihu. Siriri ne, saƙaƙƙe kamar kitso, launinsa ruwan ɗorawa mai haske irin na motocin haya. Ya ce zarena yana miƙewa kamar roba, yana kuma nutsewa, ko mai lafiyar yatsu rabin taɓin yake ji. Wannan kuwa ba ya miƙewa, kuma a saman ruwa yake kwanciya. A bakinsa za a ƙulla wani guntun zare garai-garai, kamu ɗaya, wanda ba a gani cikin ruwa, shi zai riƙe ƙugiya.

"Ka daina jan tanar nan a ƙasa," in ji shi. "Ka jefa, ka sake mata, ta sauka da kanta. Kai dai ka zuba wa zaren ido. In ya yi tsalle ko ya kama hanya, ka ɗaga."

Na karɓa na yi godiya. A gida na ajiye shi a kan tebur ina kallo. Ko daga ƙofar ɗaki ana hango shi. Ban zauna na yi shawara da kaina ba. Washegari da na taso aiki na biya kantin wata mata 'yar ƙasarmu da ke sayar da kayan gida, na sayi bagaruwa. Na daka a ƙaramin turmi, na tafasa a tsohuwar tukunya, na warware zaren na tura shi ciki. Mai ɗakina ta leƙo ta ce warin me take ji, na ce aiki nake. Ta koma. Ya kwana biyu a ciki. Da na shanya shi a jikin taga ya fito launin ruwan tafkin sak, na naɗa shi a sanda, na ga ya yi daidai.

Ranar Lahadi Alhaji ya tarar da ni ina jifa. Ya matso, ya runtse ido, ya duba saman ruwa.

"Ina zaren da na ba ka?"

Na ce ga shi nan.

Ya kama shi ya shinshina. "Me ka yi masa?"

"Bagaruwa."

"Bagaruwa." Ya zauna a kan dutse ya riƙe ciki. "Ka yi masa jima ke nan. Takalmi za ka ɗinka da shi? Wallahi ku mutanen kogi, ko wayar lantarki aka ba ku sai kun tafasa ta."

Na ce kifi yana da ido.

Ya bar dariya. Ya ce, "Yana da ido, ban ƙi ba. Shi ya sa aka sa masa garai-garai a baki. Wannan shi ne rabonsa. Ruwan ɗorawan kuma naka ne. Yanzu ka ɓoye wa kifi, ka ɓoye wa kanka. Duba can, kana ganinsa?"

Na duba. Daga bakin sanda zuwa ruwa ina ɗan ganin wani abu, daga nan kuma babu.

Da sauran zaren a jakarsa. Ya warware nawa, ya naɗa sabo. Da aka zo ƙulli na gwada, zaren biyu suna zamewa tsakanin yatsuna ba na sani, sai ya karɓa ya ƙulla yana ba ni labarin wani tsohonsa da ke ɓoye alewa a cikin safa. Tun ina yaro babu wanda ya taɓa ƙulla mini ƙugiya. Na tsaya ina kallon agwagi har ya gama. Ya ɗauki filaya ya danne ƙayar ƙugiyar, ya ce in ta sake shiga hannuna ta fita da sauƙi.

Ba a ranar na kama ba, ba kuma a watan ba. Hannuna ya saba ja, ko na ce masa ya tsaya sai in ga yana ja. Idona kuma bai saba aiki ba. Yakan bar zaren ya bi tsuntsu, ko masu gudu a hanyar lambu, in na dawo da shi tanar ta riga ta yage. Da yamma ina zuwa ajin manya, inda nake koyon karatu da rubutu, can ma haka ne, alƙalami sai na kalli bakinsa in san ya taɓa takarda. Na ga in na yi haƙuri layi yana fita. Sai na ɗauki zaren kamar haka. Ina jefawa, ina sakewa, ina bin sa da ido tun daga sanda har inda ya shige ruwa.

Ganye ya fara ja, safiya ta fara sanyi. Mai ɗakina ta fito da manyan riguna daga akwati, wa'adin da na ɗauka kan sandar ya kusa cika.

Wata safiya babu iska. Na jefa tanar gefen wani itace da ya kwanta a ruwa, na sake mata. Zaren ya kwanta a sama, yana shiga kaɗan-kaɗan. Sai ya yi wani ɗan tsalle, kamar an taɓa jijiya. Ya tsaya. Sannan ya kama tafiya gefe, a hankali, ya nufi ƙarƙashin itacen. Yatsana yana kansa, bai faɗa mini komai ba. Na naɗe ragowar zaren, na ɗaga sanda.

A gwiwar hannu na fara jin nauyin, sannan a kafaɗa. Kifin ya fito sama ya buɗe baki ya girgiza kai, ya koma. Alhaji yana bayana yana cewa a hankali, Sarkin ruwa, a hankali, kada ka ba mu kunya. Na jawo shi bakin gaɓa, na durƙusa, na sa babban yatsa a leɓensa na ƙasa na ɗaga shi yadda ake yi. Ba wani babba ba ne. Ina ganin jikinsa da ruwa, ina ganin yana motsi a hannuna, amma sanyinsa da santsinsa ban ji ba. Alhaji ya zare ƙugiyar. Na mayar da shi, ya tsaya kaɗan a cikin ruwa marar zurfi, ya tafi.

"To yi murmushi mana," in ji Alhaji. "Ko shi ma sai na kawo maka Lahadi mai zuwa?"

Na ce Allah ya saka da alheri. Na sake jefawa.

A gida mai ɗakina ta ce in nuna hannu. Na buɗe mata. Haƙoran bas ƙanana ne kamar soson ƙarfe, sun kankare mini cikin babban yatsa, ban lura ba. Ta juya yatsan ta duba.

"Wannan fa?"

"Bakin kifi ne."

"Ka kama?"

"Na kama."

Ta ɗauko auduga da magani ta goge wurin, ta naɗe shi. Ta ce daga yau duk ranar da na dawo, kafin in cire takalmi, sai ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ce to. Ta ɗauki sandar ta jingina ta a bayan ƙofa inda take zama, ta zubo mini abinci.

Har yanzu ina zuwa in ba sanyi. Alhaji ne ke ƙulla mini ƙugiya, yakan ƙulla da yawa ya jera mini a kwali don ranar da ba ya nan. Ragowar bagaruwar tana cikin kwalba a saman kabad, mai ɗakina ta ce za ta yi amfani da ita, ba ta yi ba tukuna.