Tabon Ƙafa a Ƙofar Harami

Ko da tsufa zai sa in manta sunan unguwarmu, wannan rana ba za ta fita daga kaina ba. Ni ban san lissafin takarda ba, amma na san bayan mun tashi daga unguwar Tandabawi mun koma ta Shisha ne, a hajjin da ya gabaci wanda ƙarfen gini ya faɗo a Harami.

Ku da ba ku zauna Makka ba, muna da al'ada ranar Arfa. Maza duk sun fita, wasu aikin hajji, wasu neman abinci wurin alhazai, sai gari ya zama namu. Mata mu ɗauki gahawa da dabino mu cika Harami, mu yi ɗawafi a sake, mu sha ruwa a can. Ɗana direban bas ne a tashar Kudai, ya tafi da alhazansa. A gida muka bar ɗansa na fari, yaro ɗan sha biyar, wanda nake kira mijina irin wasan kaka da jika, shi kuma ya ce min Sitti, wato kaka. Mai sanyin murya ne, hannunsa ya fi na 'yan mata iya zanen lalle, kuma ya sha dukan ubansa a kan haka.

Mun cika mota da matan maƙwabta, kowa cikin abaya da niƙabi. Akwai wata doguwa a lungu da ba ta ce uffan ba, kowa ta ɗauka 'yar wata ce. Da muka isa ƙofa muka shiga layin da mata masu gadi ke duba jaka, sai na sunkuya cire takalmi. Doguwar tana gabana, ba safa a ƙafarta. Ba 'yar Makka da za ta fito haka! Na ƙara dubawa, sai ga tabon ƙuna a idon sawu. Ni na san tabon nan. Man ƙosaina ne ya yi shi, ni na yi jinyarsa.

Jikana ne! Namiji cikin kayan mata, a tsakiyar mata, a ƙofar Ɗakin Allah. Idan mai gadi ta ce a ɗaga niƙabi, askar, wato 'yan sanda, za a kira, kuma kafin magariba labarin ya kai Arfa. Layi kuwa tafiya yake yi.

Na damƙi hannunsa ta cikin abaya. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Sitti, don Allah."

"Rufe min baki," na ce.

A bayana akwai maƙwabciyarmu, malamar makarantar 'yan mata, Abla muke ce mata. Ta ga inda idona ya sauka, ta ga tabon. Na jira ta yi salati ta tara mana jama'a. Sai kawai ta ɗaga murya: "Ya Hajja, jiri ne? Azumi da wannan rana! Ke yarinya, riƙe kakarki mu fita da ita." Ni da ko zazzaɓi ba ya kwantar da ni, ranar na zube a kafaɗarsu kamar tsumma. Mai gadi har kujera ta miƙo. Abla ta ce, "Shukran, gida za mu kai ta."

Muka tari taksi muka koma. Muna shiga gida ya cire niƙabin, fuska duk hawaye. Na ce, "Me ya kai ka? So kake ka kashe ni?"

Ya ce, "Sitti, tun ina ƙarami nake jin wurina a cikinku yake. Na yi addu'a ya tafi, bai tafi ba. So nake sau ɗaya in tsaya gaban Ka'aba yadda nake jin kaina, in tambayi Allah."

Ban gane ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na gane ba. Abla ta ja ni kicin ta ce, "Hajja, na koyar da irinsu. Akwai wadda iyayenta suka kora, har yau ba a san inda take ba. Kada ki bar shi shi kaɗai, kuma kada ubansa ya ji a bakin wani."

Da ɗana ya dawo bayan jifa, na bari ya ci ya ƙoshi, sannan na faɗa masa da bakina. Ya miƙe ya zare bel, ya ce yau yaron zai bar masa gida. Na riga shi ƙofar ɗakin yaron na zauna, na miƙe ƙafafu.

"Inna, ki matsa."

"Taka ni ka wuce."

"Inna, kin san abin da mutane za su ce?"

Na ce, "Mutane ba su yi naƙudarka ba. Dukan da ka yi ta yi, me ya gyara? Hukunci na Allah ne, ban yi karatun da zan yanke shi ba. Amma amana ce aka ba ka, za a tambaye ka ina ka jefar da ita. In ya fita, da ni zai fita."

Ya daɗe tsaye, bel na lilo a hannunsa. Daga baya ya yar da shi ya zauna ƙasa, ya rufe fuska. Bai yi wa yaron magana ba har aka shiga sabuwar shekara, amma bai kore shi ba, bai kuma sake ɗaga masa hannu ba. Wata safiya na ji ya ce, "Zo ka ci abinci." Shi ke nan, ni hakan ya ishe ni.

Abin da na koya shi ne, ba sai ka gane ɗa kafin ka riƙe shi ba. Riƙon ake fara yi, ganewar ta zo ko kada ta zo.

Abla ta rasu, Allah Ya ji ƙanta. Cikin matan motar nan saura ni da wata da ta makance. Ɗana yana nan, furfura ta cika masa gemu. Jikan nawa yana Jidda yana ɗinkin kayan amare, kuma ubansa ne ke kai ni wurinsa. Tun ranar na daina ce masa mijina. In mu biyu ne, ƙawata nake cewa, sai ya yi dariya ya ce, "Na'am, Sitti."