Kawu Tele da Gangunan Tsibirin Doroteo

Kawuna Telesforo Arana, ƙanen mahaifiyata, ya shekara talatin da ɗaya yana nutso a teku yana kamo ƙaguwa da manyan dodon-koɗi kafin kunnensa na hagu ya fashe. Likita a Dangriga ya ce in ya sake nutsewa, na daman ma zai bi ɗan'uwansa. Sai ya dawo ƙauyenmu Seine Bight ya zauna a gindin kwakwa, ya zama mai ba da labari ba a tambaye shi ba. Duk wanda ya ratsa ta ƙofar gidansa sai ya ji yadda ya taɓa riƙe numfashi minti biyar a ƙarƙashin ruwa. In ka tsaya sauraro, kafin ka tafi sun zama bakwai. Matarsa, Anti Hortensia, ta ce da teku ta yi shawara da ita, da bakin ta ɗauka ta bar kunnen.

A lokacin ina cikin shekarata ta biyu ina girki a masaukin Mis Eudora Gentle, a tsibirin Doroteo, tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgi in teku ta kwanta. Mis Eudora ta yi aikin jinya shekara ashirin da takwas a Kanada, ta dawo ta tarar mahaifinta ya bar mata tsibirin da ba shi da komai sai kwakwa da sauro da yashi. Ta gina bukkoki shida na baƙi, ta kafa dokokinta. Wuta daga rana, ruwan sha da na wanka daga sama, leda da gorar roba kuwa ba sa sauka daga jirgi. Abin da ya fi ba mutanen ƙauye dariya shi ne bayan gida. Ba a haƙa rami, don in ka haƙa taku biyu ruwan gishiri za ka tarar, kuma duk abin da ya shiga wannan ruwan gobe yana kan duwatsun murjani inda kifi ke haihuwa. Saboda haka kowace bukka tana da ɗan ɗaki a bisa, da kujera mai huda, da ganga a ƙasa. Ka gama, ka zuba ludayi biyu na dusar katako, ka rufe. In ganga ta cika, sai an sami mai ɗauke ta.

Mutum uku suka gwada aikin, duk suka gudu. Sai Mis Eudora ta tambaye ni ko na san wani dattijo mai sauran ƙarfi wanda ba ya shan giya da safe. Na ce akwai kawuna. Abin da na gaya masa kuwa, na ɗauki laifina: cewa na yi ana neman wanda zai kula da kayan aikin masauki. Sauran shi ya ƙara da kansa. Kafin jirgi ya tashi, duk Seine Bight ta ji an ɗauki Tele aikin injiniya.

Ya sauka da farar riga mai guga da biro biyu a aljihu. Mis Eudora ta zagaya da shi. Ta nuna masa farantan sola, ya gyaɗa kai. Ta nuna masa tankunan ruwan sama, ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa kamar mai sayen kankana. Sannan ta kai shi bayan bukka ta ɗaya, ta buɗe wata 'yar ƙofa.

“Mista Arana, ga babban aikin,” ta ce.

Kawu ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Ya juya mata kunnen da ya mutu ya ce, “Me kika ce, Mis?”

Ta zagaya ɗaya ɓangaren ta maimaita.

Ina kankare kwakwa a kicin ya shigo ya tsaya mini a ka.

“Perlita, ni na ɗauke ki a hannu ranar da aka yi miki baftisma. Kin yi mini fitsari a riga, ban riƙe ki a zuciya ba. Ashe somin-taɓi ne.”

“Kawu, jirgi ba ya komawa sai Asabar.”

“Zan yi iyo.”

“Likita ya hana.”

Asabar ta zo, jirgi ya tafi ba da shi ba. Ba wai aikin ya kwanta masa ba ne. Tunanin abokansa 'yan wasan domino ya yi, waɗanda suka raka shi bakin ruwa suna ce masa injiniya. Ya ga gara ganga da bakinsu.

Mis Eudora ta koya masa abin daki-daki. Ana tura ganga a baro zuwa bayan tsibiri, a juye a cikin wani akurki na katako, a rufe da busassun ganye da ɓawon kwakwa da ɓare-ɓaren da nake tarawa a kicin, da ciyawar teku wadda ruwan sama ya wanke mata gishiri. Akwai dogon ma'aunin zafi da ake cusawa a tsakiya kowace safiya. In akurki ya cika, a bar shi shekara guda da ɗoriya ba a taɓa ba. Watan farko Kawu da hankici a hanci yake aikin, ko da yake in an zuba dusa yadda ya kamata babu wani wari. Yana turawa yana zage-zage da yarenmu na Garifuna don kada Mis Eudora ta gane. Wata rana ta gyara masa wata kalma da ya faɗa ba daidai ba. Kakarta 'yar Hopkins ce, ƙauyen Garifuna irin namu, shi bai sani ba.

Bayan wata goma sha huɗu suka buɗe akurki na farko. Ina wurin. Abin da ke ciki baƙar ƙasa ce mai laushi, mai ƙanshin daji bayan ruwan sama. Mu a kan yashi aka haife mu. Kakata tafiyar awa biyu take yi a ƙasa kafin ta isa inda rogo zai yarda ya fito. Kawu ya durƙusa, ya ɗiba a tafin hannu, ya murza, ya shinshina.

“Ina abin ya tafi, Mis?”

“Shi ne a hannunka, Mista Arana.”

Bai yar ba. Ya ƙara murzawa.

Mis Eudora ta ce itatuwa kaɗai za a sa wa, banda duk abin da 'ya'yansa ke taɓa ƙasa. Ya dasa gwanda uku, da lemun tsami, da ayaba a inda ruwan wankan baƙi ke gangarowa. Kafin shekara ta zagayo gwandojin sun yi 'ya'ya, kowace kamar cinyar mutum. Daga nan kawuna ya zama wani mutum daban. Ya daina cewa “aikin matar nan”, ya koma cewa “ƙasata”. Ya jefar da hankici. Ma'aunin zafin ma ya raina shi, hannu yake cusawa har gwiwa ya faɗi lamba, kuma sau da yawa ya dace.

Abin da ya dame ni shi ne yadda ya fara kallon baƙi. In jirgi ya iso sai ya tsaya a kan gadar sauka yana ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zo kicin da rahoto.

“Akwai wani mai tumbi da jar hula, Perlita. Ki cika masa kwano, in ya ce ya ƙoshi ki ƙara. Wake da shinkafa, da agade.”

“Su kuma matan nan biyu fa?”

“Masu shan ruwan zafi da ganye? Ba su da amfani. Sati guda za su yi, ko ludayi huɗu na dusa ba za su ci ba.”

Bai tsaya nan ba. Doka ce ba a jefa komai a ganga sai takarda, an rubuta a jikin kowace ƙofa. Wani baƙo ya shigo da tsumman goge jiki irin na roba a ɓoye, ya yi ta jefawa. Kawu ya tsince su duka, guda goma sha ɗaya, ya wanke da sabulu, ya shanya, ya ninke a cikin ambulan. Ranar tafiya ya miƙa wa mutumin a bakin jirgi da hannu biyu, ya ce, “Ka manta kayanka, Mista.” Mutumin ya yi godiya sosai. Sai da suka yi nisa ya buɗe. Matuƙin jirgi ne ya ba mu labari.

Ranar da muka kusa rabuwa da shi kuwa a kan karin kumallo ne. Wata mata daga Ohio tana cin gwanda da lemun tsami, ta ce tunda take ba ta taɓa cin mai zaƙin wannan ba, mene ne sirrin? Kawu yana wucewa da tsani, kuma kunnen kirkin ne ke wajenta. Ya ajiye tsanin.

“Wannan, Mis, aikin wasu 'yan Jamus ne da suka zo bara waccan. Bukka ta huɗu. Mutanen kirki, masu ci.”

Ya yi mata bayani tun daga ganga har zuwa cokalinta. Matar ta ajiye cokalin a hankali. Mijinta ya jawo farantin ya cinye nasa da nata. Mis Eudora ta hana Kawu kusantar rumfar cin abinci kafin sha biyun rana. Amma labarin ya bazu a tsakanin baƙi, aka fara tambayar ina dattijon nan mai taki. Ba a jima ba sai da aka ware ƙarfe huɗu na yamma don zagayen akurkai. Mutanen da suka ƙetaro rabin duniya don su ga kifi sai ga su a layi suna jiran a ba su baƙar ƙasa su shinshina. Wata farfesa ta cika littafi guda da maganganunsa. Ya gaya mata tun yana yaro yake da sha'awar abin.

Duk wannan, shekara uku, Anti Hortensia ba ta san komai ba. In ya je gida hutu, farar rigar yake sawa, ya yi ta maganar batura. Ranar da ya cika sittin sai ta shiga jirgin kaya ba ta gaya wa kowa ba, da tukunyar hudut a cinya, sakwarar agade da miyar kwakwa da kifi irin yadda yake so. Ta sauka ta tambaye ni ina ofishin injiniya. Na nuna mata hanya da cokali.

Ta same shi ba riga, yana juye ganga ta bukka ta biyu yana waƙa.

“Telesforo.”

Ya juya mata kunnen hagu.

“Kada ka ba ni mataccen kunnen nan. Shekara talatin da biyar nake kwana da kai, na san wanda ke aiki.”

Ya ajiye ganga. Ta dube shi, ta dubi akurkin, ta ce ita da take zaune a sahun gaba a coci ana ce mata matar injiniya, ashe matar mai kwasar kashin Turawa ce. Ya ce ba na Turawa kaɗai ba ne, har da na Mis Eudora da na Perlita. Ta ce wannan bai rage komai ba. Ya wanke hannu har kafaɗa, ya kama hanya zuwa gindin gwanda, ta bi shi tana faɗa. Da suka isa faɗan ya ragu. Ita ma 'yar yashi ce. Tana da lemun tsami a bayan gida wanda ya shekara goma sha biyu bai taɓa yin fure ba. Ta ɗaga kai ta ƙirga 'ya'yan gwandar, ta sunkuya ta ɗebi ƙasar.

“A kan wannan ka yi mini ƙarya?”

“Na ji tsoron bakin mutane.”

“Bakina ya kamata ka ji tsoro.”

Suka ci hudut tare a kicin, ba ta yi masa magana ba sai “miƙo gishiri”. Da yamma ta koma da buhu biyu na ƙasar. Kuma ita da kanta ta ba da labarin a ƙauye kafin wani ya riga ta, ta ba da shi yadda take so, har da kwaikwayon waƙar. 'Yan domino suka yi wata guda suna toshe hanci in ya zauna. Bai kula ba. Cewa ya yi duk wanda ke son buhu ya faɗa yanzu, don an fara layi. Biyu daga cikinsu suka same shi daga baya, kowanne shi kaɗai, kowanne ya ce na matarsa ne.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a Doroteo kafin bayansa ya ƙi baro. Wanda ya gaje shi, Mista Osmond Requena, mutum ne mai tsabta da bin doka, amma Kawu ya ce ba shi da hannu, ma'auni yake tambaya. Yanzu yana gida. Da kuɗin sallamarsa ya gina irin ɗakin a bayan gidansa, ya yi masa shuɗin fenti da matakala uku, ya ajiye bokitin dusa da ludayi sabo. Anti Hortensia ta zagaya shi sau ɗaya ta ce ya yi kyau, amma ita ta tsufa da hawan bene don wannan. Baƙin da suka zo gidan ma duk sai su ce sun riga sun yi a gida. Kaji ne suka gane wurin, suka mai da bokitin dusar gurbi. Ƙwai huɗu ake kwasa a rana. Ranar Lahadin da ta wuce na je gaishe shi, na same shi yana share kashin kajin cikin kwando, ya ce mini dama kashin kaji ya fi na mutum ƙarfi, mutane ne ba su sani ba.