Sunayen da Na Rubuta wa Kofur

Ranar wata Asabar ce, a daminar da nake aji huɗu a makarantar mishan, dawa ta kai gwiwa. Na dawo daga rafi da tulu a kai, na tarar mazan unguwarmu a Dabai sun kama hanyar Zuru, za su kai kuka a kan aikin hanya da aka tilasta musu ana tsakiyar noma. Yayana Bawa yana cikinsu, shekararsa ta ƙarshe ke nan a golmo, wato noman da saurayi yake yi wa surukinsa kafin a ba shi mata. Na sauke tulu na bi su.

A bakin ofishin hukuma 'yan doka suka tare su, ba kulki, ba tsawa, kofur ɗinsu har da murmushi. Ya ce kowa ya faɗi sunansa domin a san waɗanda za a ba amsa. A al'adarmu kuwa mai ƙara ba ya ɓoye kansa; yakan ambaci sunansa da na ubansa, gama ɓuya aikin matsoraci ne. Da aka nemi mai rubutu, Bawa ya turo ni gaba yana cewa, "Ga ƙanwata, hannunta ya fi na malaminta." Kofur ya ce, "Zauna nan, ɗiyata, ki yi mana a tsanake."

Na ja layi, na jera sunayen, ban goge ko harafi ɗaya ba. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ce, "In kura ta yi maka dariya, ƙirga awakinka." Ban kula ta ba.

Bayan kwana biyu aka bi takardata gida-gida. An tsare Bawa har girbi, ciyawa ta cinye gonar surukinsa, aka ƙara masa shekara guda. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

A shekarun nan na dubu biyu ɗalibai sukan fito a kan rashin ruwa, ana kuma cewa doka ta ba su 'yancin taruwa. Na yarda an rubuta hakan. Amma da jikata ta ce wani ɗan sanda mai fara'a ya nemi sunayensu wai don a kare su, na tambaye ta wanda zai ajiye takardar, ba ta sani ba. Ina kewar zamanin da mutum yake ambaton ubansa a bainar jama'a ba tare da waige ba. Ni ce na koya wa yarinyar kame bakinta, ban kuwa ji daɗin koyarwar ba.