Cokalin manja a hannuna

Jama'a, yau saura ƙiris in halaka jikata da hannuna!

Ummi 'yar shekara biyu ta sha kananzir, nan gidanmu na Mpape. Uwarta Hauwa ta tura tambaya dandalin iyaye mata na intanet. Shiru kake ji! Ni kuwa na ɗebo manja a cokali in ɗura wa Ummi ta amayar, yadda muka gada.

Maƙwabciyarmu Maman Grace ta ce, "Tsaya, Kaka! Hauwa, kar ki jira amsa, an taɓa tambaya. Nemo da kalma biyu: yaro, kananzir."

Hauwa ta nema a dandalin, sai ga tsohuwar amsar wata nas: kada a sa yaro amai, kananzir ɗin zai shiga huhu, a ruga asibiti.

Muka ruga. Ummi ta tsira, alhamdu lillahi. Likita ya ce, "Kun ba ta manja?"

Na ce a'a. Ashe cokalin yana hannuna har lokacin.