Zobban da Ke Cikin Jinin Baba

Mahaifina bai taɓa ganin aikina da mutunci ba. In abokansa na kasuwar Zuba suka tambaye shi me 'yarsa take yi a asibiti, sai ya ce, "Ai leƙen fitsarin mutane take yi." Ni da na yi shekara da shekaru ina karatun gwaje-gwaje! Shi kuwa maɗinkin hula ne, ɗan Zariya, ya zauna a Tungan Maje tun ina goye. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci, amma wannan bai taɓa sa ya ji maganata ba.

Wata damina zazzaɓi ya kama shi. Kwana biyar yana rawar ɗari, yana sirace da ganyen darbejiya, yana shan jiƙo, ya rantse ba zai haɗiyi ƙwayar asibiti ba. Inna, mahaifiyata, ta kira ni a waya, ta ce ko kunu ya daina sha. Na bar aiki a asibitinmu da ke unguwar Gudu na hau mota. Na tarar da shi a kan tabarma, idanu sun faɗa, allura da zare a gefe. Mutumin da ko ranar Sallah sai ya yi ɗinki, yau ya kasa zura zare. Wallahi na ji tsoro.

"Baba, kawo yatsa."

"Ba za ki tsikare ni ba."

"Haba Baba! Shekara nawa kana soka wa kanka allura, tawa ce za ta kashe ka?"

Inna ta riƙe hannun, na ɗiga jinin a kan ɗan gilashi, yana ta faɗa wai mun haɗa masa kai.

Washegari da safe na rina jinin kamar yadda muke yi, na sa a madubin gwaji. Ga su nan birjik. Wanda bai taɓa leƙawa ba ba zai yarda ba, amma ƙwayar cutar maleriya kyakkyawa ce. Ƙwayoyin jini sun jeru zagaye-zagaye, launin ruwan hoda, a cikin wasu kuma ga ɗan zobe shuɗi siriri da ɗigon ja a gefe, kamar zoben azurfa mai dutse. Na daɗe ina da wata ɗabi'a: in na ga abin da ya burge ni, sai in kara wayata a bakin madubin in ɗauka. Abokan aikina har tsokanata suke yi, wai wasu na tara hotunan biki, ni ina tara na cuta. Ran nan ma na ɗauka.

Na koma Tungan Maje da magani. Ya kau da kai bango. Na lallashe shi, na roƙe shi, har Inna ta sa baki, ko gezau. Sai raina ya ɓaci, ni ma ai jininsa ce. Na buɗe hoton na dangwara masa wayar a cinya.

"To ga abin da ke cin ka! Duba da idonka, tunda ni maƙaryaciya ce."

Na ɗauka zai tsorata. Ina! Sai ya ce Inna ta miƙo masa tabarau. Ya kawo wayar kusa da hanci, ya juya ta gicciye.

"Uwata, wa ya zana wannan?"

"Babu wanda ya zana. Jininka ne."

"Ikon Allah. Dubi yadda aka zaunar da shuɗin a kan hodar, bai cinye ta ba. Ɗigon nan kuma ba a tsakiya ba, a gefe. Ni da a tsakiya zan sa, in ɓata shi." Ya ɗago. "In na sha maganin naki, za su ɓace?"

"Tas, in Allah ya yarda."

"To a dakata tukuna, sai na kwafe."

Inna ta yi salati. Ni kuwa na rasa dariya zan yi ko ihu. Mutum na hannun Allah, shi zanen hula ya dame shi! Na fizge wayata na ce hoto ba ya gudu, amma ba zai sake ganinsa ba sai ya haɗiye maganin. Ya ce ni azzaluma ce. Ya haɗiye.

Haka muka yi kwana uku, safe da yamma: ya sha, in ba shi wayar, ya jingina da bango yana zana zobba da biro a kan farin ƙyalle. A rana ta uku ya nemi tuwo.

Bayan mako biyu na sake gwada jinin, wannan karon shi ya miƙo yatsa da kansa. Na kawo masa sabon hoton. Ƙwayoyin jini ne zalla, ruwan hoda, babu zobe ko ɗaya. Ya duba ya taɓe baki.

"Wannan ai fili ne. Ba ado."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na ce, "Baba, ni duk hotunan da na tara, babu wanda ya kai wannan kyau." Ya dube ni, ya dubi wayar. Ya jawo allurarsa.

Wata biyu ya yi yana ɗinka hular, kuma ya ƙi sayar da ita ko da masu so suka yi ta taya ta. Ran nan na biya ta rumfarsa a Zuba, na tarar wani mai lemo yana tambayarsa sunan wannan sabon zane. Bai ga isowata ba. Ya cire hular yana nuna masa: zobba shuɗɗa sun zagaye gefenta, samanta kuwa ruwan hoda ne zalla, ba zobe ko ɗaya.

"Nan cutar ce," in ji shi. Ya ɗora yatsa a saman. "Nan kuma lafiyar. Duka 'yata ce ta gano su."