Ranar da Aka Karanta wa Dattawa Rubutun Ɗansu

A bayan gidanmu, cikin birnin Zariya, akwai wani kududdufi. Daga cikinsa kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina unguwar. Da rani yakan bushe, ya bar tsattsagaggiyar laka da shara. Da damina kuwa, ruwan kowane indararo da na kowane lungu a cikinsa yake ƙarewa. Ba mai ƙaunarsa. Sauro yake tarawa, kwaɗinsa kuma ba sa barin mai karatu ya ji muryar kansa.

Mutum ɗaya na sani da ya ba shi daraja, wato abokina tun muna firamare, wanda ya karanta ilimin labarin ƙasa har ya zama Dakta, yana koyarwa a jami'a. Bai bar gidan gadonsu ba, yana zaune a ƙarƙashin ƙanen mahaifinsa, wanda duk unguwa muke kira Baffa. Baffa ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa.

Yadda Dakta yake aiki abin dariya ne a wurinmu. Da zarar an ɗauke ruwan sama, sai ya naɗe wando, ya ɗauki sanda, ya bi ruwan lungu-lungu don ya ga inda yake zuwa. Da rani kuma sai ya bi zauruka yana sallama. Ba ya tambayar mutum nawa ne a gida, domin ya san ba mai ƙidaya masa iyalinsa. Tambayarsa ita ce, tukunya nawa ake ɗorawa a gidan, da ɗaki nawa aka ƙara tun rasuwar mai gidan na farko. Masu ɗinkin riguna da ke zama gindin rimi suka sa masa suna Mai Rakiyar Ruwa.

"Dakta, yau ina ka kai shi?" in ji su.

"Na kai shi gida lafiya," in ji shi. "Yana gaishe ku."

Ni a lokacin magatakarda ne na wani kwamiti da ke duba sha'anin filaye. A ƙarshen shekarun tamanin aka kawo mana shawarar a cike kududdufin, a yanka shi fuloti. Baffa ne ya kawo ta, shi ne kuma shugaban kwamitin. Dole in yi masa adalci: ba kwaɗayi ya sa shi ba. Gidansa ya cika, manyan 'ya'yansa sun fita zuwa Gyallesu, autansa kuma yana shirin tashi. Dattijon yana son ya ga jikokinsa a inda zai ji kukansu.

Aka aike ni ɗakin karatu na jami'a in nemo tsohuwar taswirar birni. Da na faɗi unguwarmu, sai ma'aikacin wurin ya ce, ai duk wanda ya zo neman wannan taswira daga nesa, rubutun wani malaminsu ne ya turo shi. Ya ambaci sunan abokina. Sa'an nan ya yi mini bayanin abin da ban sani ba: masana irin waɗannan suna auna nauyin junansu ne da yawan ambato. In ka yi rubutu, wani ya dogara da shi a nasa, wajibi ne ya sa sunanka a ƙarshen littafi. Akwai ma manyan kundaye da ba su ƙunshi kome ba sai wa ya ambaci wa.

Ni mutum ne da ba ya karɓar magana sai ya ga takarda, don haka na ce a nuna mini. Ya sauko da littattafai, na zauna ina buɗe bayansu ɗaya bayan ɗaya. Wani a kan biranen Indiya yake, wani a kan cunkoson jama'a a wata ƙasa da ban taɓa sanin tana da unguwanni irin namu ba. A cikin kowanne ga sunan nan, a jere da sunayen Turawa, ba a sama da su ba, ba a ƙasa ba. A wani shafi na ga zanen unguwarmu, da kududdufin a tsakiya, har da lungun da nake bi zuwa masallaci. Na daɗe ina kallonsa. Mutanen da ba su taɓa jin ƙanshin ƙasar Zazzau bayan ruwan farko ba sun san inda ruwan indararon gidanmu yake zuwa. Ni da na girma a jikinsa ban taɓa tambaya ba.

Daga can gidan su Dakta na zarce.

"Dakta, kana da wannan duka, ka bari a cike kududdufi?"

"Na faɗa wa Baffa," in ji shi. "Na ce masa jama'a sun ƙaru, an gine tsakar gidaje, an sa kwano a inda soro yake, ƙasar da ke shan ruwa ta ragu. In aka cike ramin nan, ruwan zai nemi gindin katangu, katangunmu kuwa na laka ne."

"Me ya ce?"

"Ya ce Allah ya yi mini albarka, in je in ci abinci."

"To ka faɗa a gaban kwamiti!"

Ya dube ni kamar na ce ya shiga masallaci da takalmi. "In tashi a gaban abokan mahaifina in ƙaryata Baffa? Magatakarda, boko ya taɓa ka."

Na yi fushi ƙwarai, amma na san dokar. A birni, matuƙar wanda ya riƙe ka yana zaune, ba ka da baki a taro, ko da furfura ta fito maka.

Kafin a sa hannu a kan tsarin, sai da aka turo wani injiniya daga Kaduna ya duba. Aka yi zaman a babban zauren Baffa bayan la'asar. Dattawa suna kan dardumomi, ni ina gefe da alƙalamina, Dakta kuwa yana can bakin ƙofa kusa da takalma, inda ƙananan gida suke zama. Shi ya shigo da ruwan sha.

Baƙon ya yi magana cikin ladabi. Ya ce bai ba da shawarar a cike ba. Ya buɗe wata mujalla, yana karantawa da Turanci yana fassarawa, ya kawo maganar tsakar gidaje da kwano da gindin katangu, kusan kalma da kalma yadda na ji ta. Dattawa suna gyaɗa kai.

"Wannan Bature ya san ƙasa," in ji wani tsohon alƙali. "Kamar ya kwana a unguwar nan."

"Ranka ya daɗe, ba Bature ba ne," in ji baƙon. "Ɗan ƙasar nan ne. Da rubutunsa aka koyar da mu a ƙasar waje. Na so in je jami'a in gaishe shi kafin in koma." Sai ya faɗi sunan.

Kawuna suka juya zuwa bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Dakta ya sunkuyar da kai yana gyara kofuna a kan faranti.

"Wannan?" in ji alƙalin. "Mai Rakiyar Ruwa? Ni fa na taɓa zane shi a kan mangwarona!"

Baƙon ya miƙe tsaye, ya tsallake dardumomi, ya je har wurin takalma ya durƙusa ya kama hannun Dakta da hannu biyu. Ban taɓa ganin haka ba a zauren nan, ban kuma sake gani ba.

Baffa ya juya ya dubi Dakta. Can ya ce, "Kai, matso nan."

Dakta ya matso kaɗan, ya tsuguna.

"Abin da bawan Allahn nan ya karanta, haka yake?"

"Baffa ya fi ni sanin unguwa."

"Ba ita na tambaye ka ba."

"Haka yake, Baffa."

"Ruwan zai shiga gidaje?"

"Namu zai fara shiga."

Dattijon ya shafa gemunsa, ya dubi abokansa. "To, kun ji. Ni na sa shi makaranta, kuna cewa na ɓata yaro." Aka yi dariya, har da alƙalin. Sa'an nan ya juyo gare ni. "Magatakarda, rubuta: kwamiti ya karɓi shawarar baƙo, a bar kududdufi."

Na rubuta cewa a bar kududdufi. Amma na rubuta sunan mai shawarar na gaskiya, na kuma karanta shi da ƙarfi lokacin da aka ce in maimaita abin da aka zartar. Baffa ya harare ni, bai ce a gyara ba.

Har yau abin yana ci mini rai, cewa sai da magana ta tafi ƙasar waje, ta dawo ta Kaduna a bakin baƙo, kafin a ji ta a zauren da aka fara faɗinta. Na gaya wa Dakta haka a hanyar masallaci.

"Baffa bai ji kunya a gaban mutane ba, ramin kuma yana nan," in ji shi. "Me kuma kake nema?"

Bayan girbi autan Baffa ya tashi zuwa Tudun Jukun da matarsa da 'ya'yansa. Dakta ne ya yi ta jigilar kayansu a tsohuwar motarsa, katifa a ɗaure a sama. Baffa ya fito ƙofar gida ya sa musu albarka, ya tsaya har motar ta sha kwana, sa'an nan ya ce a shigar masa da tabarmarsa ciki.