Sulen azurfar maigidana

Shekarun baya, ina amarya sabuwar zuwa Madina, muna zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Jurf. Maigidana direba ne, wuni yake a waje, ni kuwa ina kwance da littattafan soyayyata, kaina cike da yadda ake ba masoyi mamaki.

Wata rana ina gyara akwatinsa na tsinci wani tsohon sulen azurfa a ƙulle cikin tsumma. Siriri ne, ya yi baƙi, a jikinsa akwai maciji da mutum a baki. Na ce wannan mummunan abu, bari in mayar da shi abin ƙauna.

Na kai wa wani maƙerin azurfa, Bahaushen Sudan, a wajen masallacin Ƙiblatain. Ya juya shi ya sake juyawa.

"Ya uhti, 'yar'uwa, wannan ba na narkarwa ba ne. Mai shi ya sani?"

"Malam, zobe na ce. Ko ba ka iya ba ne?"

"Halas, shi ke nan," in ji shi. Sai da ya ƙara azurfa ma kafin ya isa zobe.

Ranar Juma'a na sha turare, na miƙa wa maigida zoben, ina jiran ya rikice. Ya yi murmushi ya ce ina na samo azurfa. Da na faɗa masa, sai ya zauna a bakin katifa.

A hankali ya ce sulen daga kakan kakansa ya fito, bafatake mai bin ayarin Tarabulus. Wani likita da yake tuƙawa ya taɓa duba masa shi, ya ce kuɗin Italiya ne na ɗaruruwan shekaru, zamanin da kowane birni ke da mai mulkinsa yana buga nasa, macijin kuma tambarin masu mulkin Milan ne. Mahaifin maigidana ne ya damƙa masa shi yana jinyar ajali.

Ya saka zoben ya ce, "Na gode, amarya." Da ma zagina ya yi.

Har yau idan na tuna kaina sunkuyawa yake. A littattafan nan na koyi ba da kyauta, ban koyi tambaya ba. Abin da ya fi cin raina kuwa, bayan wata biyu yayansa ya bugo waya daga gida yana tambayar sulen. Ina tsaye a wajen na ji maigidana ya ce, "Yaya, ka yafe mini. Ni na yi sakaci ya ɓace."